Leonard Mai Wat Tamanin

A tashar motar Kafanchan, shekara guda bayan rabon kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata a dunƙule, babu wanda bai san Leonard ba, wanda bai san shi ba ma ya ji shi. Da direban ofishin gona ne. Da Udoji ta faɗo sai ya ajiye aikin gwamnati, ya sayi Fijo ta hannu, ya shiga jigilar 'yan citta tsakanin Kafanchan da Kwoi. Motar ba ta da wani laifi. Mai motar ne ke da baki, irin bakin da in ya ce maka gari ya waye sai ka leƙa waje tukuna.

Abin alfaharinsa a duniya rediyo mai kaset da ya liƙa a gaban motar, da wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujera, amfilifaya, mai ƙara wa kiɗa ƙarfi. A jikin akwatin an rubuta wat goma. Leonard bai san ko mene ne wat ba, amma ya san goma ta fi tara, kuma duk fasinjan da ya shiga motar sai ya duƙa ya ga rubutun kafin a tashi.

Ana nan, ran wata kasuwa, sai ga Jude mai maganin tsutsar ciki ya faka tsohuwar Boswajarsa kusa da Fijo. A kan rufin ya ɗaura lasifika guda ɗaya mai kama da ƙaton mazurari. Yana buɗe baki, kiɗan Leonard ya ɓace kamar an rufe shi da tukunya. Leonard ya murɗa rediyo har ƙarshe. A banza. Duk tasha ba a jin komai sai yadda tsutsa ke shan jinin yara. 'Yan kamasho suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ɗaya ya leƙo ta taga ya ce, “Oga Leo, ka kunna mana kiɗan nan mana!”

Ran nan Leonard bai yi lodi na biyu ba. Ya zarce shagon Uzoma mai gyaran rediyo, wanda ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake buɗe shagonsa a bakin kwatas ɗin reluwe.

“Uzoma, wat nawa ne a motar mai tsutsa?”

Uzoma bai ɗago daga kan rediyon da yake lalube ba. “Goma. Ni na haɗa masa.”

“Ƙarya! Nawa ma goma ne.”

“Oga Leo, nasa ƙaho ne. Ya tattara murya ya jefa waje ɗaya, kamar ka sa hannu a baki ka kira mutum a gona. Naka sifika yana cikin ƙofan mota, yana yi wa gwiwan fasinja waƙa.”

Leonard ya ce shi ba zai ɗaura mazurari a kan Fijo ba, shi ba mai tallan magani ba ne. Wat zai ƙara.

Da abin ya tsaya a tasha da da sauƙi. To, a makon ne aka zauna maganar bikin ƙanwarsa Afiniki, kuma tun rasuwar mahaifinsu Leonard ne babba a gida. Angon, Meshak, fayaman ne, mai zuba wa injin jirgin ƙasa kwal, an yi masa canjin aiki zuwa Maiduguri, ran Litinin ta bayan biki zai tafi. Asabar ɗin bikin kuwa ita ce ta ƙarshe kafin azumin Ista, kuma kowa ya san ba a ɗaura aure a coci cikin azumi. Fada Gregory ya faɗa ba boye-boye: ran Asabar ɗin ƙarfe goma sha ɗaya zai hau babur zuwa ƙauyukan wajen Gwantu, ba zai dawo ba sai Larabar Toka. In Asabar ta kuɓuce, Meshak zai tafi shi kaɗai, Afiniki ta zauna jiran hutun da ba wanda ya san ranarsa.

Al'adar cocin nan kuma, da yake a kan tudu take, ba a kallon hanya, kunne ake kasawa. Matan Zumunta ne ke rako amarya da waƙa da tulu da caki da kuge. Da zarar katikis, mataimakin Fada, ya jiyo su daga gindin tudu sai ya buga ƙararrawa, Fada ya sa rigar Misa. Haka aka aurar da uwayensu, haka aka aurar da yayyensu.

Leonard ya miƙe a tsakiyar taron, ya gyara wuyan riga. “Bana an ci gaba. Ƙanwar Leonard ba za a raka ta da tulu ba. Motata za ta yi waƙa. Tun muna ƙofar gida Fada zai ji mu, har 'yan Kagoro sai sun fito suna tambaya.”

Mama Scholastica, shugabar Zumunta, ta dube shi daga takalmi har gashi. “Leonard, ni na riƙe ka ranan baftisma. Ka yi mini fitsari a zane, ka yi ihu har Fada ya manta sunanka. Tun ranan na san ƙara ne abincinka.”

“Mama, zamani ne. Ku huta.”

“To. Za mu zo, don Afiniki namu ne. Amma za mu ja bakinmu. Ko tari ba za ka ji ba.”

Afiniki ta ce a hankali, “Broda Leo, ka bar su su yi abinsu mana.” Ya ce mata ta bar wa manya maganar manya. Ta ƙyale shi, don ta san yayanta.

Ran Litinin Uzoma ya sa masa amfilifaya mai wat ashirin. Leonard ya yi lodi zuwa Kwoi, ya saki kiɗa, yana satar kallon fasinja ta madubi yana jiran yabo. Har suka yi nisa ba wanda ya tanka. Da ya gaji ya juya ga wata dattijuwa mai buhun citta a cinya.

“Mama, kin ji bambanci?”

“Na ji, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka rage.”

Ya koma wa Uzoma a fusace, ya ce an sayar masa da wat na jabu. Goma da goma ashirin, ina sauran ƙarar tasa?

Uzoma ya ajiye sukudireba. “Zauna, Oga Leo. In Mama Scholastica yana waƙa shi kaɗai, sai mace ɗaya ya shiga, ƙara ya ninka?”

“Ya ninka mana. Mata biyu.”

“Bai ninka ba. Ya ɗan cika kawai. Sai mata goma sun haɗa baki kafin kunne ya ce, yauwa, wannan ya yi biyun na ɗazu. Wat ma haka. Kana so ƙaran wat goma ya ninka, sai wat ɗari. Ɗari ya ninka, sai dubu. Kunne ba ya yin lissafin kasuwa.”

“Kai ka yi makarantar waya, ni na yi aritmetik har aji bakwai. Sa mini arba'in.”

Ƙaramin sani, in ji masu magana, ƙuƙumi ne. Aka sa arba'in ran Laraba. Ƙara ta ɗan ƙaru, kamar yadda Uzoma ya faɗa, amma kafin a kai mararraba sifikun ƙofa suka yi wani ɓarrr, takardarsu ta yage. Daga nan duk mawaƙin da ya shiga kaset sai ya fito da muryar kwaɗo. Wani malamin makaranta da ke gidan gaba ya ce a sauke shi, ya gwammace ya ƙarasa da ƙafa.

Leonard bai karaya ba, irinsu ba sa karaya. Ya ji labarin wani otal da aka rufe yana da manyan sifiku biyu cikin akwatunan katako. Ya ba da safaya taya da jak, ya karɓo su. But ɗin Fijo ta ƙi rufuwa, ya ɗaure murfin da igiyar shanya. Sannan ya samo wani amfilifaya mai arba'in a wajen mai majigi, ya kai wa Uzoma ya ce a haɗa da na farko.

Uzoma ya leƙa ƙarƙashin bonet ya girgiza kai. “Wannan batir ba zai ɗauka ba. Dinamo ɗinka sai kana gudu yake ba da wuta. Motan amarya kuma tafiyan hawainiya ne. Abin zai sha wuta, ba mai mayarwa.”

“Haɗa kawai.”

“Ba da hannuna ba. Kuma ko ka haɗa, tamanin bai kai ɗari ba. Duk wannan wahala, ko ninki ɗaya ba ka samu ba.”

“Baƙin ciki kake yi mini, kai da mai tsutsa.”

Ya kwashe kayansa ya je ƙarƙashin mangwaron gida ya haɗa da kansa, wayoyi ja da baƙi da kore kamar hanjin akuya. Ya kunna, fis ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. A na uku ya ce fis ɗin zamani ba su da zuciya, ya ɗauko ƙusa 'yar inci biyu ya cusa a gurbin. Kiɗa ya tashi. Madubin ciki ya karkaɗa ya faɗo, kajin maƙwabta suka watse, wata lambar mota ta saki ƙusa ɗaya ta rataye. Leonard ya tsaya hannu a ƙugu, daɗi ya cika shi har kunne. Maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga ya ce daga bayan gida dai ba a jin komai sai gum-gum, kamar ana daka a unguwar gaba. Leonard ya ce kunnen talaka ne.

Tun daga Juma'a ya sa aka rubuta masa a bayan mota da jan fenti: WAT TAMANIN. A tasha kuwa ya shaida wa 'yan kamasho su zo coci gobe su ga yadda ake aurar da ƙanwar manya.

Asabar da safe, tun ƙarfe bakwai Leonard ya kunna kiɗa a ƙofar gida, inji a kashe, wai don masu girki su ji daɗin aiki. Awa uku cur sifiku na gum-gum. Aka gama shirya Afiniki, ta fito cikin farar riga da lulluɓi, ta shiga baya tare da ƙawarta Martina. Leonard, cikin kwat da nakatai, ya murɗa makulli. Fijo ta yi ƙyaƙ-ƙyaƙ ta yi shiru.

“Ba komai,” in ji shi. “Motar amarya da turi ake tayar da ita, sa'a ce.”

Masu dafa shinkafa suka aje ludayi suka tura, ta tashi. Ƙarfe goma da kwata ke nan, kuma mil biyu ne zuwa coci. Da ya taka mota da minti biyar ya kai su. Amma ina amfanin wat tamanin in ba a bi ta kasuwa ba? Ya karya ta cikin gari, ya zagaya tasha sau biyu a giya ɗaya, fitilu a kunne da rana tsaka, yana danna ham, yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ne angon.

“Broda, lokaci,” in ji Afiniki.

“Fada yana jin mu tun ɗazu. Ƙila ma ya riga ya sa riga.”

A hanyar fita gari suka tarar da matan Zumunta, su wajen arba'in, cikin zanensu iri ɗaya, suna tafe a jere. Tulu a hammata, caki a hannu, kuge a rataye, ba wadda ta ce uffan. Leonard ya rage gudun da dama babu shi, ya leƙo. “Mama, a sauka lafiya!” Mama Scholastica ko kallonsa ba ta yi ba.

An ce in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Suna gangarawa rafin da ke gindin tudun coci sai mawaƙin kaset ya fara jan murya kamar wanda ya kwana a gidan burkutu. Kiɗan ya yi nauyi, ya yi kasala, ya koma gurnani. Martina ta ce tana jin ƙaurin roba. Hayaƙi siriri ya fito daga inda ƙusar nan take. Fijo ta yi tari biyu, ta haye 'yar gadar da ƙyar, ta tsaya cak. Shiru ya sauka, har ana jin kukan ruwa a ƙarƙashin gada.

Leonard ya fizge wayar da ke hayaƙi, ta ƙone masa yatsa. Ya murɗa makulli, ko ƙyaƙ ɗin ma babu. Ya danna ham, ham ya yi wani ɗan tsaki. Ya duba agogo: sha ɗaya saura minti bakwai. Gaba tudu ne mai tsawon kusan mil guda, ba mai tura mota ta hau shi, baya kuma tudu. Can sama ana hango rufin coci, da wani ɗan farin abu yana kai da komo a gindin bishiyar da Fada ke ajiye babur.

Afiniki ta yaye lulluɓi. Ba ta yi ihu ba, hawaye ne kawai ke zuba. “Broda Leo, Meshak zai tafi ran Monde.”

Leonard ya fito ya hau kan bonet, ya cire kwat yana kaɗawa, ya sa hannu biyu a baki, dabarar da ya raina a wajen mai tsutsa, ya kwarara ihu: “Fada! Fada! Ga mu nan!” Wata akuya a bakin rafi ta amsa masa.

Sai ga matan Zumunta sun gangaro, a jere, a natse. Suka iso gada suka raba biyu za su wuce motar kamar dutse ne a hanya.

Leonard ya diro. “Mama! Mama Scholastica, ku taimaka!”

Ta tsaya ta kasa kunne wajen but ɗin. “Shhh. Ina jin kiɗa. Ka ce har Kagoro.”

“Mama, ya ɗan huta ne.”

“Mu ma an ce mu huta.”

“Mama, saura minti huɗu!”

“Wa ya ce a bar tulu a gida?”

“Ni ne.”

“Ban ji ba. Kunnen tsohuwa. Ƙara wat.”

Matan suka ƙyalƙyale. Leonard ya dubi ƙanwarsa, ya dubi tudu, ya durƙusa da wandon kwat a kan jar ƙasa. “Ni ne, Mama! Na yi wauta. Ku yi don Afiniki.”

“Don shi za mu yi dama, ba don kai ba.” Ta buɗe ƙofar mota da kanta. “Fito, 'yata, share ido. Ƙafa ba zai kai cikin minti uku ba, amma murya zai kai.” Sannan ta karɓi caki daga hannun wata ta danƙa wa Leonard. “Riƙe. Wannan ba ya cin batir.”

Ta buga kuge sau uku, ta ɗaga kai ta ja baiti ita kaɗai, muryar tsohuwa siririya. Sai mata arba'in suka karɓa gaba ɗaya, tuluna suka ɗauka, kwarin nan ya cika har gashin jikin Leonard ya miƙe.

“Ku buɗe ƙofa, ga 'yarmu tafe,
Yesu na gaba, mu muna biye.”

Daga baya katikis ya ba da labari cewa Fada ya riga ya naɗe riga ya hau babur, ya taka sau ɗaya bai tashi ba, ya ɗaga ƙafa zai taka na biyu ke nan waƙar ta hauro tudu. Meshak, wanda ya jiƙe sharkaf da gumi a bakin ƙofa, ya yi tsalle ya riga katikis kama igiyar ƙararrawa.

Da ƙararrawa ta amsa daga sama, Afiniki ta fashe da dariya cikin kuka, aka sa ta a tsakiya aka fara hawa. Ganin an tsira, sai Mama Scholastica ta ga ai waƙar tana da wurin ƙarin baiti.

“Wat tamanin ya mutu a rafi,
Mai shi na baya yana kaɗa caki.”

Matan suka karɓa da murna, har da guɗa. Haka aka shiga harabar coci: amarya a gaba, Zumunta a kewaye, a can ƙarshen layi kuma babban wa, gwiwoyi ja wur da ƙasa, yatsa a kumbure, yana kaɗa caki ba bisa kiɗa ba. 'Yan kamashon da ya gayyata suna nan reras a gindin bishiya, sun zo ganin yadda ake aurar da ƙanwar manya, kuma sun gani. Har Jude mai tsutsa ya zo, ya cire hula ya gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo.

An ɗaura aure sha ɗaya da rabi. Fada ya yi huɗuba gajeruwa a kan tawali'u, bai ambaci sunan kowa ba, amma duk coci ta juya ta dubi benci ɗaya.

Kai ka ce mutum zai yi kwana biyu bai buɗe baki ba. Ina! Da la'asar, wajen cin shinkafa, bayan an aika shanun wani manomi sun jawo Fijo daga rafi, aka ji Leonard yana gaya wa baƙin Kwoi cewa dama shi ya tsara abin haka, mota ta kawo amarya rabin hanya, mata su ƙarasa, don kada a ce ya kashe al'ada. Sannan ya jawo kujera kusa da Uzoma, ya rage murya.

“Uzoma, tsakani da Allah, matan nan sun yi ƙara. Na ƙirga su, arba'in ne.”

“Sun yi.”

“To, bikin ƙanwarmu ta biyu na nan tafe baɗi. In na samo mata tamanin, ƙarar ta ninka ke nan.”

Uzoma ya ajiye cokali, ya dube shi, ya dubi sama kamar mai neman taimako. “Ɗari huɗu, Oga Leo. Mata ɗari huɗu.”

Leonard ya shiga motsa leɓe, yana lissafi da yatsun da ba su ƙone ba. Can ya juya ya ƙura wa Fijo ido.

“In na cire kujerar baya,” ya ce, “nawa kake gani za su shiga?”